Kiran Suna Ranar Zaɓe

Shekara talatin da ɗaya Hedimasta ya yi a makarantar firamaren unguwar. Ya shiga da alli a hannu, ya fita da mabuɗin ofis a aljihu, kuma ko da ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Matarsa ma in ta so tsokana Hedimasta take ce masa. Shi ba ma'abocin siyasa ba ne. Iyakar abin da ya sani game da 'yan siyasa shi ne sukan ari bencin makaranta in za su yi taro, su dawo da shi da ƙafa uku.

Takarda guda ce ta jefa shi cikin harkar. Wata safiya aka wayi gari an liƙa ta a ƙofar makaranta, tana cewa ƙarshen shekarar karatu za a rufe makarantar, a mayar da yaran wata can ƙetaren babban titi, a gina rukunin shaguna a filin. Hedimasta ya karanta ta sau biyu, ya gyara kuskuren rubutu ɗaya da jan biron da ba ya rabuwa da shi, sannan ya sa rigarsa ta zuwa taro ya tafi ofishin Onarabul, ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarsu.

Onarabul bai wulaƙanta shi ba. Ya ba shi kujera mai laushi, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe, abin da ba kowane ɗalibi ya taɓa yi ba. Sannan ya jawo wata takarda daga aljihun tebur.

"Baba, ka san ina ganin girmanka," in ji shi. "Amma duba nan. Unguwarku mutum dubu huɗu ke da katin zaɓe. A zaɓen da ya wuce ɗari uku da 'yan kai suka fito. In na miƙe a zauren majalisa na ce mutanena ba su yarda ba, za a ce mini wane mutanen? Suna ina? Unguwar da ba ta fitowa layi, Baba, ko ta yi kuka ba a jin muryarta."

Da zagi ne da Hedimasta ya san yadda zai yi da shi. Amma lissafi ne, kuma daidai yake, shi ya sa ya dawo gida yana ta maimaita shi. Bayan kwana uku ya gaya wa matarsa zai tsaya takarar majalisar jiha.

Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba. "Kai ɗin? Kai da in maƙwabci ya gaishe ka sai ka gyara masa gaisuwar?"

"Ba kujerar nake so ba. So nake su fito."

"To ka ce musu ana rabon wani abu mana. Ya fi sauƙi, kuma ba sai ka ɗinka sabuwar riga ba."

Wata ƙaramar jam'iyya mai alamar tsani ta ba shi tikiti ba tare da jayayya ba, don babu wanda ya nema. Shugaban yaƙin neman zaɓe kuwa shi ya naɗa kansa: wani direban bas mai shekara arba'in da shida, mai tumbi da 'ya'ya biyar, wanda duk unguwa ke kira Latti, saboda a shekara shidan da ya yi a makarantar bai taɓa riga ƙararrawa isowa ba. Latti ya kawo bas ɗinsa, ya ɗaura mata lasifika, ya ce shi zai biya Malam bulalar da ya sha da alheri.

Taron farko a filin bayan kasuwa aka yi. Latti ya tara mutane kusan ɗari biyu, ya yi ta kirari har muryarsa ta dushe, sannan ya miƙa wa ɗan takara abin magana. Hedimasta ya ajiye shi gefe. Ya sa aka sauko da baƙin allo daga bayan bas, ya jingina shi da bango, ya ciro alli.

"A natsu," in ji shi. Kuma aka natsu, har da waɗanda suka yi furfura.

Ya zana takardar ƙuri'a babba, ya raba ta gida huɗu. A gida na farko ya zana agogo, alamar jam'iyyar Onarabul. A na biyu kifi, a na uku guduma, a na huɗu tsaninsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan ɗan takarar kowace da abin da ya ce zai yi, ba ƙari ba ragi, kamar mai karanta jadawalin jarrabawa. Ya nuna inda ake dangwala yatsa, a tsakiyar gida, kada ya taɓa layi. Ya nuna yadda ake bari tawada ta sha iska, da yadda ake ninke takarda a tsaye don kada ta shafi wani gidan ƙuri'a ta lalace. Sannan ya nuna wani mai facin taya da alli.

"Kai na baya can mai hamma. Maimaita."

Mai facin taya ya miƙe tsaye ba tare da ya san ya miƙe ba, ya maimaita. Aka yi masa tafi. Hedimasta ya goge allo, ya ce an tashi.

A cikin bas Latti ya riƙe sitiyari da hannu biyu bai tayar da mota ba. "Malam, ka manta abu ɗaya."

"Me?"

"Ba ka ce su zaɓe ka ba."

"Ban manta ba. Ai ba a gaya wa ɗalibi amsa."

"Malam, wannan ba jarrabawa ba ce! Ka tsaya ka zana wa abokin hamayyarka agogo har da lambobi. Kifin nan kuwa har ƙaya ka yi masa. Naka tsanin sai ka ce ƙofar garejin da mota ta buge."

"Alli ne ya ƙare," in ji Hedimasta.

Haka aka yi ta yi wata uku. Da aka zo bin gida gida, jam'iyyar tsani ba ta da jerin sunayen kowa, don haka Hedimasta ya fito da abin da yake da shi: rajistocin aji na shekara talatin da ɗaya, waɗanda ya kwaso gida tun lokacin da gara ta shiga ɗakin ajiyar makaranta. Ya zuba su a wata tsohuwar jakar fata. Kusan kowane gida a unguwar akwai wanda sunansa ke ciki, in ba mai gida ba to matarsa, in ba ita ba to 'ya'yansu. Matsalar dai ita ce rajista ba ta mantuwa, mai ita ma haka. Sai a yi sallama, mai gida ya fito da fara'a, Hedimasta ya buɗe shafi ya gyara tabarau.

"Kai ne ka yi fashin sati biyu a aji huɗu, ka ce kakarka ta rasu."

"Haka ne, Malam."

"A aji biyar ma ta sake rasuwa."

Matar gidan ta fashe da dariya daga bayan labule, Latti ya dafe kai. Suna fita ya ce, "Malam, don girman Allah, ƙuri'a muka zo nema, ba tonon asiri ba."

Mutane suna murna da zuwansa, wannan ba shakka. Suna shimfiɗa masa tabarma, suna kiran yara su zo su ga wanda ya koya wa babansu karatu. Amma da zarar ya kawo maganar fitowa ranar zaɓe sai fuska ta canza, a ce, "To Malam, Allah ya kai mu," da irin muryar da ake ce wa mai talla a dawo gobe. Wasu kan faɗa masa gaskiya: an riga an gama komai a sama, wahalar rana kawai mutum zai sha. A wannan tsakanin ayarin Onarabul ya ratsa unguwar sau biyu da kiɗa, ya bar huluna da riguna. Har ƙyallen da Mai Aski ke yafa wa mutane a wuya fuskar Onarabul ce a jiki, tana murmushi a ƙarƙashin gashin da ke zuba.

Ranar zaɓe Hedimasta ya riga malaman zaɓe isa makaranta. A aji uku aka kafa rumfar, ajin da ya fara koyarwa, kuma har yanzu rana na leƙowa ta hujin kwanon rufi ta sauka a daidai inda tebur ɗinsa yake a da. Ya dangwala a tsakiyar gida, ya jira tawada ta sha iska, ya ninke a tsaye, aka shafa masa shuɗiyar tawada a farcen babban yatsa. Da ya fito ya ƙirga layi, don ido ya saba. Mutum goma sha ɗaya, biyu daga ciki wakilan jam'iyya ne.

Doka ba ta yarda ɗan takara ya yi ta shawagi a bakin rumfa ba, kuma shi mutum ne da ko a titin da babu mota sai ya duba hagu da dama. Sai ya gangara can ƙarshen layi, rumfar Mai Aski, ya zauna a benci ya ajiye jakar rajista tsakanin ƙafafunsa. Ba don wani dalili ya ɗauko ta ba, hannu ne ya saba.

Daga nan yana ganin unguwar duka. An hana motoci zirga zirga, saboda haka kowa na gida, kuma kowa ya ɗauki ranar a matsayin kyautar hutu daga gwamnati. Maza sun baje a inuwa suna karta. Mata sun cika igiyoyi da shanya. Wani ya kwance injin babur ɗinsa ya jera ƙusoshi a kan buhu. Har ƙarfe goma sha ɗaya bai ga mutum talatin sun shiga ƙofar makaranta ba, ga takardar rufewa na nan liƙe a jikinta, gefe ɗaya ya ɓalle yana kaɗawa. Latti, shugaban yaƙin neman zaɓe, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Hedimasta ya zauna yana juya maganar Onarabul a zuciya. Shekara talatin da ɗaya ya koya wa mutanen nan tsayawa a layi, ga shi ranar da layin zai yi musu amfani sun zauna suna raba karta. Ya fara tunanin yaran aji ɗaya suna tsallaka babban titin nan da manyan motoci ke gudu kamar an koro su, sai ya daina, don tunanin ba ya kai shi ko'ina.

Ana haka wata ma'aikaciyar jinya ta fito daga makaranta, mace mai kusan shekara arba'in, sanye da fararen kayan aiki. Ta tsaya gaishe shi, ta rusuna, sai wani abu ya faɗo mata, ta yi dariya ta miƙo masa hannayenta biyu, bayan hannu a sama, yatsu a jere. Haka kowane yaro a makarantar yake yi kowace safiya a layi, Hedimasta na bi da rula yana duba farce.

"Malam, a duba. Yau dai da datti, amma na gwamnati ne."

Bai yi niyyar komai ba. Ya sunkuya ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ga shuɗin tawada a babban, ya ce, "Wuce," kamar yadda ya faɗa sau dubu ɗari. Sannan hannunsa ya shiga jaka da kansa, ya lalubo rajistar shekararsu, ya sami sunanta, na goma sha bakwai, ya ja layin jan biro a gabansa.

Mai Aski, wanda ke tsakiyar yi wa wani tela aski, ya leƙo. "Malam, ni fa? Ina ciki?"

Hedimasta ya juya shafi biyu. "Kana ciki. Nuna hannu."

Mai Aski ya ɓoye hannun a bayan ƙyalle.

"Fashi," in ji Hedimasta da ƙarfi, ya ɗiga masa sifili.

"Haba Malam! Ni da ban taɓa fashi ba ko ranar da na yi ƙyanda? Goge, don Allah."

"Jan biro ba ya goguwa. Sai dai a ja layi a kai in ɗalibi ya iso."

Masu karta suka kwashe da dariya. Mai Aski ya ajiye injin aski, ya shiga ciki ya fito da katinsa, ya kama hanya. Telan ya yi ihu da rabin kai a aske, "Kai, ni fa ka bar ni haka?" Mai Aski ya waiwayo ya ce, "Taso mu je, kai ma sunanka na nan, bencinmu ɗaya." Tela ya jawo hular Onarabul ya rufe ɓarnar, ya bi shi.

Hedimasta ya bi su da kallo har suka shige ƙofar makaranta. Sannan ya miƙe, ya ciro rajista mafi tsufa, wadda bangonta ya zama kamar busasshen ganye, ya yi gyaran murya, ya kira suna na farko.

Duk wanda ya yi makarantar ya san muryar nan. Ba ta da ƙara sosai, amma tana ratsa katanga. Suna na farko ba a amsa ba. Na biyu, wani dattijo cikin masu karta ya ce "Na'am, Malam!" kafin ya tuna shekarunsa hamsin, abokansa suka yi masa ca. Na uku sai aka ji wata mata daga cikin gida tana ƙwala kira, "Baban su, tashi, Hedimasta na kiran suna, an ce ba ka zo ba!" Daga nan abin ya kama kamar wutar kara. Wanda aka kira ba ya kusa, sai maƙwabci ya aika masa, ko a buga masa waya: an kira ka, an ɗiga maka sifili, gaban mutane. Magidanta da suka yi shekara ashirin ba su ji tsoron kowa ba suka riƙa fitowa suna gyara wuyan riga, suna sauri irin na wanda ya ji ƙararrawa daga nesa. Wanda ya gama sai ya gangaro rumfar Mai Aski ya shiga layi na biyu, ya miƙa hannaye, a ce masa wuce.

Ba kowane suna ke da mai amsawa ba. Wani in an kira sai a ce ya koma wani gari. Wani sunan kuma sai a ji an ce, "Allah ya jiƙansa, Malam, bara ne." Hedimasta yakan tsaya, ya ce amin, ya bar gaban sunan fari babu layi babu sifili, ya ɗan daɗe kafin ya kira na gaba. A rajistar shekara ta tara sai da ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙura ce.

Wajen ƙarfe ɗaya Latti ya iso a guje, yana haki, takalmi ɗaya a hannu. Ya ga layi ya fito daga ƙofar makaranta, ya bi jikin katanga, ya karya kwana har gaban shagon mai facin taya. Ya tsaya baki buɗe. Bai gama rufe bakin ba wani ɗan sanda ya ratso mutane, ya ce an kai ƙara cewa ɗan takara na kamfen ranar zaɓe.

"Tsaya ka saurara," in ji Hedimasta. "In ka ji na ambaci jam'iyya ko alama, ka tafi da ni."

Latti ya shiga tsakani. "Ofisa, wallahi tallahi, wata uku ina roƙon bawan Allahn nan ya yi kamfen, har kuka na yi masa, bai yi ba. Yau ne zai fara?"

Ɗan sandan ya tsaya ya saurari suna goma sha biyu. Ya duba rajistar, ya duba nisan wurin da makaranta, ya rasa a wane sashe na doka aka hana tsoho kiran sunan ɗalibansa. A ƙarshe ya ce a dai rage toshe hanya, ya koma bakin aikinsa.

Matar Hedimasta ta zo da ruwa a kofi da kujerar roba, ta miƙa masa kofin da hannun da ke da tawada, yadda ba zai kasa gani ba. "Ni ba ɗalibarka ba ce, kada ka ce mini wuce," in ji ta. "Zauna kafin ka faɗi, a ce mun yi asarar ɗan takara."

La'asar ta yi, layi ya fara gajarta, sai ga Gwaggo mai gawayi tana tafe da sanda. Tun kafin Hedimasta ya zo makarantar take sayar da gawayi a jikin katangarta, ta ga shigar kowane yaro da fitarsa, ita kuwa ba ta taɓa taka cikin aji ba sai yau. Ta miƙo hannaye kamar yadda ta ga ana yi. Hedimasta ya sunkuya, ya ɗaga tabarau, ya sake saukewa. Shekara arba'in na gawayi sun riga tawadar gwamnati kama wurin.

"Gwaggo, ban ga komai ba."

"To ka yarda da ni mana. Yarinyar can ta rumfar zaɓe ma sai da ta shafa sau uku, ta ce tawadarta nake sha." Ta leƙa rajistar. "Ni ina nawa sunan?"

"Ai ba ki yi makarantar ba, Gwaggo."

"Wa ya fi ni zuwa? Ko ranar da kai ka yi zazzaɓi ina nan."

Babu wanda ya yi dariya sosai, don gaskiya ta faɗa. Hedimasta ya ɗauko rajistar shekararsa ta ƙarshe, ya buɗe shafin ƙarshe, ya tambaye ta cikakken sunanta da na mahaifinta. Sai a lokacin mutanen wurin suka san tana da wani suna ban da Gwaggo. Ya rubuta shi da kyakkyawan rubutunsa na allo, ya ja layi a gaba, ya juya mata ta gani. Ta daɗe tana kallo, ko da yake ba ta iya karantawa ba.

"Yawwa," in ji ta. "Kuma na yi yadda ka koya mana, a tsakiya, ban taɓa layi ba. Kifin na dangwala wa."

Latti ya yi wani irin nishi kamar an taka masa ciki. "Kifi, Gwaggo? Malam fa tsani ne!"

"Wanne ne tsani? Wancan mai kama da ƙofar gareji? Ai kifin ya fi kyau a zanensa."

"Daidai ne," in ji Hedimasta. "Ta amsa abin da ta fahimta. Kai kuma nuna hannu."

Latti ya kalli yatsunsa, fari fat. Ya zura takalmi ya ruga. Shi ne mutum na ƙarshe da ya shiga layi kafin a rufe, kuma da ya dawo Hedimasta ya rubuta a gaban sunansa abin da ya saba rubutawa: ya makara, amma ya zo.

Washegari da hantsi Latti ya kawo sakamako a rubuce a bayan wata fosta. A unguwar mutum dubu uku da ɗari ɗaya suka fito. Tsani ya sami dubu ɗaya da ɗari huɗu, agogo dubu ɗaya da ɗari biyu, kifi kusan ɗari huɗu, abin da ya ba ɗan takarar kifi mamaki har ya aiko a tambaya ko yana da dangi a unguwar. Guduma ta tsinci ragowar. Ƙuri'a tara kacal suka lalace. A mazaɓar gaba ɗaya kuwa Hedimasta na uku ya zo, daga nesa. Onarabul ya koma kujerarsa, amma da ratar da ba ta kai ɗari tara ba.

Latti ya zauna a dakalin ƙofar gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Da ka buɗe baki sau ɗaya, Malam. Sau ɗaya tak."

"Da na ci unguwa da babbar rata, in faɗi a mazaɓa duk da haka," in ji Hedimasta. "Yanzu kuwa kowa ya ga unguwar na fitowa, kuma babu wanda ya san inda za ta faɗa gaba. Taran nan da suka lalace ne ke damuna. Na ce a ninke a tsaye."

Bai tsara hakan ba, daga baya ya gano shi, amma ya faɗe shi kamar yana cikin jadawalin darasi tun farko. Matarsa ta fito da tsintsiya ta ce ita kam ta gode wa Allah sau biyu: mutane sun fito, kuma ba za ta koma zaman babban birni tana goge masa riguna yana gyara wa 'yan majalisa nahawu ba.

Onarabul, kamar yadda aka gani tun farko, mutum ne da ya iya lissafi. Unguwa mai ƙuri'a dubu uku a mazaɓar da aka ci da ɗari tara ba wurin gina shaguna ba ce. Sati biyu bayan rantsuwa ayarinsa ya tsaya a ƙofar makaranta. Ya yage takardar rufewa da hannunsa, sau biyu, don mai ɗaukar hoto bai shirya ba a na farko. Ya ce tun ranar da ya ji maganar barci ya ƙaurace masa. Ya yi alƙawarin sabon kwanon rufi, kuma, abin mamaki, kwanon ya zo, tare da allon sanarwa mai hotonsa wanda ya fi sunan makarantar girma.

Da aka ba Hedimasta dama ya yi magana, ya gode masa, kuma har zuciyarsa ya gode, don yaran aji ɗaya ba su damu da hoton wa ke bakin ƙofa ba muddin ba za su tsallaka titi ba. Sannan ya juya ga unguwar, ya buɗe baki zai gode musu, ya ga Mai Aski da tela da ma'aikaciyar jinya da Gwaggo a benci na gaba, sai muryar nan mai ratsa katanga ta ƙi fitowa. Ya tsaya yana gyara tabarau. Can ya ce, "Kun zo," ya koma ya zauna. Suka yi masa tafin da ya fi na Onarabul tsawo, har mai ɗaukar hoto ya juyo.

Wajen tafiya Onarabul ya ja shi gefe, ya rage murya. "Baba, rajistocin nan naka. Ko za a ba yarana aro su kwafa, saboda gaba?"

"Rajista ba ta barin hannun malami," in ji Hedimasta. "Amma in kana so in sa sunanka, sai ka riƙa zuwa."

Bayan an watse ya tsaya, kamar yadda ya saba, yana kallon ana mayar da bencin da aka ara cikin azuzuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ƙarƙashi. Ashirin da huɗu aka fitar, ashirin da huɗu suka koma, kowanne da ƙafarsa huɗu. Ya ɗauki jakarsa ya ce wa Latti gobe ƙarfe takwas za su fara bin gida gida yin godiya, gidan Gwaggo ne farko.

"Takwas daidai, Malam," in ji Latti.

Hedimasta ya gaya wa matarsa ta sa ran fitarsu wajen tara da rabi.